Yadda Tabawa Ta Raba Haƙoran Zarto

Dalilin da ya sa haƙoran zarto suke a karkace, wannan ya kalli dama, na kusa da shi ya kalli hagu, ba dabarar maƙeri ba ce. Aikin wata tsohuwa ne da ta gaji. Ku nutsu, yara, ba na maimaita magana.

A da can, haƙoran zarto a miƙe suke kamar sahun salla. In ya nutsa cikin gungume sai itacen ya cije shi. A yi ta ja, a yi ta shafa mai, a wuni ba a fid da katako biyu ba.

To, a wani gari na bakin daji an yi wata tsohuwa, Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, Korau da ƙanensa Nomau, da dogon zarto ɗaya mai mariƙi biyu. Da shi gidan ke cin tuwo. Yadda ake aikin, sai a gitta gungume a bakin rami, ɗaya ya hau sama, ɗaya ya shiga ciki, su yi ta ja. Korau ne kullum a sama, wai shi babba. Nomau kuwa shekara bakwai yana rami, garin katako na zuba masa a ido. Tabawa ce mai wanke idon, ita ce mai raba faɗan.

Ran nan da hantsi zarto ya cije a cikin wani gungumen maɗaci, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Nomau ya hauro, idanu jajur.

"Yaya, yau kai za ka sauka."

"Ni? Ka taɓa ganin babba a rami in ba kabari ba?"

"To a raba gado. A kai zarton maƙera a datse shi biyu."

"A datse mana! Wa ke tsoro?"

Tabawa na gindin murhu tana jin su. Ta san rabin zarto ba ya tsaga gungume, in an datse shi an datse tuwon gidan. Nasiha kuwa ta yi har yawunta ya ƙafe. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta aro awartaki wurin maƙerin unguwa, ta sa suka zaro zarton da ƙyar, ta ɗora shi a cinya.

"Rabo kuke so? Ni zan raba."

Ta lanƙwasa haƙori ɗaya dama. "Na Korau." Ta lanƙwasa na gaba hagu. "Na Nomau." Haka ta yi ta yi har la'asar, tafin hannunta ya ɗuri ruwa.

Korau ya ce, "Inna, kin kashe zarton Baba!"

"Ban kashe uban naku ba sai zartonsa? Ga rabonku nan. Kowa ya ja da haƙoransa."

Don ɗokin ya nuna mata ɓarnar da ta yi, Korau bai san lokacin da ya dira rami ba. Nomau ya hau sama. Suka ja. Sai ga zarto yana ratsa maɗaci kamar wuƙa a kabewa, don yanzu hanyar da haƙoran ke buɗewa ta fi kaurin zarton, itace bai sami abin cizo ba. Kafin rana ta faɗi sun fid da katako biyar.

Korau ya fito fari fat da gari, yana murza ido. Tun daga ranar, yau wannan a rami, gobe wancan.

Kada ku zaci sun shirya. Har suka tsufa gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Da maƙwabta suka yi wa Tabawa jajen haka, cewa ta yi, "Ni ban ce su so juna ba. Su dai ja." Ta juya ta gyara kwanciyarta.

Shi ya sa har yau, ko injin nan mai ihu na 'yan katako kuka duba, za ku ga haƙoransa sun juya wa juna baya, amma hanya ɗaya suke ci. Ku tashi, bayana ya ƙage.