Karen da Aka Ɗaure a Bayan Rumbu

Akwai wani mutum manomi, mai gida da iyali, a wani ƙauye da ke gefen rafi. Yana da mata, da ɗa saurayi mai suna Habila, da kuma tasa mahaifiyar, tsohuwa wadda idanunta suka dushe, sai inuwar abu take gani. Yana kuma da kare.

Karen nan ba irin karnukan ƙauye ba ne masu siririn jiki da tsinin baki. Wasu ma'aikatan hanya ne suka bar shi yana ɗan kwikwiyo sa'ad da suka tashi, tsohuwar ta tsince shi ta yi renonsa da kunu. Da ya girma sai ya kusa kai ɗan maraƙi. Kansa kamar turmi, fatar fuskarsa ta yi masa yawa ta ninke a kan idanu, leɓunansa sun zubo, miyau ba ya yanke masa. In ya kwanta yana minshari, har makwabta suna ji. Yaran ƙauye suna ce masa Dodo. Tsohuwar kuwa Ɗankyau take kiransa. In aka yi mata dariya sai ta ce, "Ku masu ido ku kuka sani. Ni a hannuna kyakkyawa ne."

Kowace safiya tsohuwar takan tafi ɗan lambunta a bakin rafi, hannunta a kan wuyan karen, ta riƙe ninkin fatarsa. Hanyar tana bin gefen wani kwazazzabo da ruwan damina yake ƙara ci kowace shekara. Karen kullum ta gefen ramin yake tafiya, yana tura ta da kafaɗa zuwa gefen gona. Mutumin ya sha ganinsu suna wucewa, amma bai taɓa lura da gefen da karen yake bi ba. Abin da yake gani shi ne munin dabbar, abin da yake ji kuma shi ne tsokanar abokansa a kasuwa, masu ce masa, "Ina ƙanenka mai kama da kai?" Yakan yi dariya tare da su, amma maganar tana cinsa a ciki.

Ana nan sai Habila ya ga yarinya a birni, 'yar gidan mutunci, suka daidaita. Iyayenta suka aiko cewa kawunta zai zo da wasu dattawa biyu su ga gidan da 'yarsu za ta shiga, kafin a sa rana. Mutumin ya ƙudura a ransa cewa baƙin nan ba za su ga abin rainawa a gidansa ba. Ya sa aka yi sabon yaɓe, aka share tsakar gida, aka aro kujeru daga coci, aka yanka zakara.

Da gari ya waye ranar zuwansu, sai ya ɗauki igiyar shanu ya ja karen zuwa bayan rumbu, ya ɗaure shi a turke. Matarsa ta biyo shi da ludayi a hannu.

Ta ce, "Baban Habila, Iya fa? Wa zai kai ta lambu?"

Ya ce, "Yau ba lambu. Ki ce ta zauna a ɗaki. So kike mutanen birni su zauna wannan abu yana zuba musu miyau a takalma?"

Ta ce, "Ai ba shi za su aura ba."

Ya ce, "Ki dai koma wajen tukunyarki."

Matar ta koma, aiki ya sha kanta, ta manta ba ta faɗa wa tsohuwar kome ba.

Baƙi suka iso da hantsi, aka zaunar da su a gindin mangwaro, aka kawo kunun zaƙi. Kawun yarinyar ya yi addu'a, aka shiga gaisuwa da tambayar amfanin gona. Mutumin ya ga suna duban gidan suna gyaɗa kai, zuciyarsa ta yi fari.

To, tsohuwar tana da al'ada da ba ta taɓa karyawa ba: baƙo ba ya barin gidanta hannu wofi, sai ta ba shi tsarabar abin da ta shuka da kanta. Da ta ji muryoyin baƙi sai ta ɗauki ƙwarya, ta tsaya a ƙofar baya ta kira, "Ɗankyau! Ɗankyau!" Karen ya ji, ya yi ta fizgar igiya yana kuka ƙasa-ƙasa, amma hayaniyar gidan ta rufe kukan, ba ta ji shi ba. Ta ce a ranta ya tafi yawo ne, hanya kuwa ta san ta. Sai ta kama hanya ita kaɗai don ta tsinko wa surukai gauta.

Ana cikin cin abinci sai ga karen ya shigo tsakar gida. Guntun igiya na wuyansa, wuyan ya saɓule yana jini, jikinsa duk laka, yana haki, da wani tsumma a bakinsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ɗaga ƙafafunsa sama ya ce, "Ikon Allah! Wannan kare ne ko sa?" Ɗayan ya kwashe da dariya. Karen bai dubi kowa ba, ya nufi maigidansa, ya tura kansa a gwiwarsa, ya shafe masa sabuwar riga da laka da miyau.

Kawun yarinyar ya ce, "Na gidan nan ne?"

Kunya ta kama mutumin. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Karen yawo ne, ba mu san mai shi ba. Haka yake damunmu." Ya ɗauki itacen wuta ya maka masa a haƙarƙari, ya ce, "Fita!"

Karen ya yi ƙara, ya ja da baya kaɗan, amma bai fita ba. Ya dawo ya ajiye tsumman a ƙafar maigidansa. Matar tana fitowa da kwanon miya ta gani, kwanon ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Wayyo! Kallabin Iya ne!"

Ta ruga ɗakin tsohuwar, ba kowa. Karen ya juya ya fita a guje, dukansu suka bi shi, har baƙin, suna tattare riguna.

Suka same ta a ƙasan kwazazzabo, inda gefen hanya ya zabtare da ita. Ƙafarta ta karye, zaninta ya jiƙe sharkaf, ga kuma shaidar inda aka ja ta a cikin laka daga bakin ruwa zuwa kan tudun yashi. Karen ya riga su sauka, ya kwanta a jikinta, ta ɗora hannu a wuyansa. Habila da mahaifinsa suka sauka suka ɗago ta.

Tsohuwar ta ce, "Kada ku yi kuka, ban mutu ba. Ɗankyau ne ya zo ya fid da ni daga ruwa. Na ba shi kallabina na ce, je ka kira maigidanka." Sai yatsunta suka taɓa igiyar da jinin. Ta ce, "Wa ya ɗaure shi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, yana jin idanun baƙin a bayan wuyansa. Da ƙyar ya ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "Me ya yi maka?"

Ya ce, "Bai yi kome ba."

Aka kai ta gida, aka kira mai ɗori. Da aka gama, baƙin suka miƙe. Mutumin ya raka su har bakin hanya. A nan kawun yarinyar ya tsaya ya ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, ba fuskar kare muka zo gani ba. Mun zo mu ga yadda gidan nan yake riƙe waɗanda ke cikinsa. 'Yarmu yau kyakkyawa ce, amma ciwo yana zuwa, tsufa ma yana zuwa. Ran da fuskarta ta canza, a bayan wane rumbu za a ajiye ta? Za mu je mu yi shawara." Suka tafi, ba a sa rana ba.

Mutumin ya koma gida. Habila yana zaune a kan ɗaya daga cikin kujerun aro, bai ɗaga kai ya dube shi ba. Mutumin ya ɗebi ruwan ɗumi da gishiri, ya kira karen zuwa ƙofar gida, inda masu wucewa suke gani. Ya durƙusa da rigarsa mai laka, ya kwance guntun igiyar, ya fara wanke raunin. Karen ya juyo ya lashi hannun da ya doke shi. Wani abokinsa na kasuwa ya zo wucewa ya ce, "Yau kuma ƙanenka ake yi wa wanka?" Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce, "I, nawa ne. Na gidan nan ne."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Maigidan nan ni ce, kai ne, ke ce. Karen kuwa shi ne duk wanda Allah ya sa a gefenmu don ya tsare mu, amma bai zo da siffar da duniya take yabo ba. Wataƙila uba ne da bai yi makaranta ba, wanda ya sayar da akuyarsa kika yi karatu, yanzu in ya zo ofis sai ki ce wani ne daga ƙauyenku. Wataƙila 'yar'uwa ce mai tabo a fuska ko mai in'ina, wadda ba a sa ta gaba ranar biki, ko da yake ita ce take kwana da marasa lafiya. Suna tafiya ta gefen ramin dominmu kowace rana, mu kuwa ba mu lura ba.

Igiyar ita ce kunyar da ba ta dace ba, wato tsoron abin da mutane za su ce. Ku duba abin da ta jawo. Mutumin ya ɗaure karen don ya tsare mutuncinsa, a kan haka kuwa mutuncin ya zube. Ba munin kare ne ya kunyata shi ba, ƙaryar bakinsa ce. Wadda ta sha wuyar kuma ita ce mahaifiyarsa, wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

Haka muke yi wa bangaskiyarmu ma. In muka shiga cikin waɗanda muke so su girmama mu, sai mu kai ta bayan rumbu, mu ce ba mu san ta ba. Amma Ubangijinmu Yesu bai ji kunyarmu ba sa'ad da ya same mu kwance cikin laka. Ya sauko inda muke, ya sha rauni, ya fid da mu.

Akwai kunya iri biyu. Ɗaya takan sa mutum ya ɓoye nasa, ɗaya kuma takan durƙusar da shi ya wanke raunin da ya yi. Ta biyun alheri ce daga wurin Allah, kada mu guje mata. Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya zaga bayan rumbunsa ya ga wa ya ɗaure a can. Ya kwance shi, ya kawo shi ƙofar gida, ya faɗa a gaban mutane cewa nasa ne.