Guntuwar Igiyar Baba Sannu-Sannu

Akwai wani mutum mai kiwon ƙudan zuma, kowa Mai Zuma yake ce masa. Amyoyinsa suna can cikin daji, inda hanya duk yashi ce da kwazazzabai. Da ya gaji da kafewa, sai ya cire tayoyin a-kori-kurarsa ya sa wasu manya masu kaushi. Motar ta ɗaga sama, shi ma kafaɗarsa ta ɗan ɗaga.

A satin nan kuma ya kai ta garejin aminin marigayi mahaifinsa, aka canja mata man giya. Tsohon bakanike ne da ake kira Baba Sannu-Sannu, don kafin ya kwance noti ɗaya sai ya gaishe ka, ya tambayi iyalinka ɗaya bayan ɗaya.

Ba a yi kwana uku ba motar ta canja hali. Irin mai canja giya da kanta ce, sai ga shi tana canjawa ba kan ƙa'ida ba. A hawa ta yi nishi, a gangara ta yi fizga.

Wata safiya suna kai autarsu makaranta, matarsa ta riƙe ƙofa ta ce, "Baban Auta, gudun nan ya yi yawa."

"Dubi maleji da idonki. Tamanin ne."

"Ni ban san maleji ba, bishiyoyi nake gani suna wucewa."

"To daga yau bishiyoyi za mu riƙa tambaya," ya ce yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

Ranar Laraba ce ko Alhamis, wannan ya kwance mini, motar ta yi wata fizga har tulun zuma ya kife a baya. Ransa a ɓace ya wuce gareji. A gaban mai faci da mai walda da masu jiran gyara ya ɗaga murya.

"Baba, ka kashe mini giya! In idon ya daina gani, a bar wa masu gani aikin mana!"

Mutum biyu da suka kawo motocinsu suka kalli juna. Tsoho ba shi da allon talla, sunansa ne kawai yake kawo masa aiki, ga shi ɗan amininsa yana zubar da shi a ƙasa.

Baba Sannu-Sannu ya goge hannunsa da tsumma. "Ɗana, yaya Auta? Tarin ya sake ta?"

"Baba, maganar mota nake yi."

"Zan zo kanta. Ina tsofaffin tayoyin?"

Akwai ɗaya a bayan motar, aka sauko da ita. Tsohon ya ɗauko igiya da alli. Ya zagaya tsohuwar tayar da igiya, ya ɗaura ƙulli inda ta haɗu. Sannan ya ja layi a jikin sabuwar taya da kuma ƙasa, ya ce a tura motar. Mai faci da mai walda suka tura har layin tayar ya zagayo ya sake taɓa ƙasa, Baba ya ja wani layin a wurin. Ya shimfiɗa igiyar tsakanin layukan biyu. Ƙullin bai kai ba. Ya buɗe yatsunsa ya auna abin da ya rage: taƙi ɗaya da rabi.

"Ka gani? Mota ba ta ganin hanya, juyin taya take ƙirgawa. Ka canja mata takalmi ba ka gaya mata ba. Duk juyi ɗaya tana wuce lissafinta da wannan ɗan tsakanin. Giya kuma da lissafin take aiki, shi ya sa ta rikice."

Mai walda ya ce, "Ashe motar ma ba a yi shawara da ita ba!" Aka yi dariya, ban da Mai Zuma.

Suka hau titi tare da Baba, mai faci a baya riƙe da wata waya mai nuna gudun mota. Da allurar maleji ta tsaya kan tamanin, ya leƙo ya ce, "Casa'in, maigida."

Mai Zuma ya ɗaga ƙafa daga totur. Kwanar makarantar Auta ce ta faɗo masa a rai, inda yara ke tsallakawa da jakunkuna a baya. Kwana goma yana shiga kwanar nan da gudun da bai sani ba, da tayoyi masu nauyin da birki bai saba da su ba. Ya gangara gefe ya tsaya.

"Alhamdu lillahi da giyar ta yi gardama," in ji Baba. "Da ta yi shiru, da ba ka zo ba."

"Baba, gyara mini."

"A'a, nan hannuna ya tsaya. Ni sifana na sani. Akwai mai gyara da kwamfuta a bayan kasuwa, zai gaya wa ƙwaƙwalwar motar girman tayar. Ka ce ni na aiko ka."

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Maleji ya daidaita da waya, giya ta koma shiga lumui.

Mai Zuma bai wuce gida ba. Ya koma gareji, ya jira har mutanen ɗazu suka taru, ya durƙusa a kan ƙasar da ta sha baƙin mai.

"A nan na yi maka rashin kunya, Baba, a nan zan roƙe ka gafara. Aikinka ba shi da aibi. Na gode."

"Tashi, kada ka ɓata wando. Mahaifinka ya fi ka zafi, shekara talatin ina gyara masa mota yana faɗa."

Mai Zuma ya roƙi abu ɗaya: a yanko masa igiyar daga ƙulli zuwa inda yatsun Baba suka tsaya. Ya ɗaure guntun a madubin gaba.

Washegari matarsa ta shiga mota, ta taɓa shi ta ce, "Wannan fa?"

"Wannan shi ne tsakanin maganarki da tawa. Ke ce da gaskiya, ke da bishiyoyinki."

Darasi: Idan abu ya lalace bayan ka canja wani abu da hannunka, fara duba naka canjin kafin ka ɗora wa wani laifi. Ka saurari na kusa da kai ko da allura ta ƙaryata shi, kuma inda ka ci mutuncin mutum, a nan za ka mayar masa da shi. Ku tura wa 'yan'uwa masu mota, musamman wanda ya sa manyan tayoyi bai daidaita malejinsa ba.