Tsakuwar da Baba Moïse Ya Ɓoye a Aljihu

Akwai wani magidanci a unguwar Poumpoumré, cikin Garoua, mai suna Narcisse. Ba mugu ba ne. Ku riƙe wannan tun yanzu, kafin ku fara caccakar sa a wajen sharhi.

Ɗan dutse ne, daga wani ƙauye na kan duwatsun wajen Mokolo. Da ƙyar ya yi karatu, da ƙyar ya samu aikin ofis. Lokacin da yake ɗalibi, 'yan birni sun sha yi masa dariya saboda takalminsa da yadda harshensa ke karya Faransanci. Ya girma, ya yi aure, ya sayi kujerun falo, amma dariyar nan ba ta bar kunnensa ba.

A farkon watan Janairu mahaifinsa, Baba Moïse, ya sauko daga dutse don ya ga jikarsa Gaëlle, jaririya 'yar wata biyu. Ya zo da rabin buhun wake da zabi biyu, da niyyar yin wata guda.

Tsohon ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Surukarsa Aurélie kuwa 'yar Meiganga ce, ba ta jin yaren dutse. Hausar kasuwa ce ta haɗa su, kuma nan da nan jininsu ya haɗu.

Narcisse ya sauki mahaifinsa a ɗakin baya, kusa da kicin. Can ake kai masa abinci. In an yi baƙi, sai ya leƙa ya ce, "Baba, huta abinka, surutu zai dame ka." Kwana huɗu ana haka.

Ranar Asabar dai, Aurélie na tsince wake, tsohon ya ce mata, "'Yata, gobe bayan coci zan bi motar la'asar. Na ga yarinya, na gode wa Allah."

"Haba Baba, ba wata guda ka ce ba?"

"Awaki na jirana."

Aurélie ta san ba maganar awaki ba ce. Ta kuma san in dattijon nan ya fita a haka, ba zai sake taka gidan ba. Abin ya dame ta ƙwarai, amma ta rasa ta inda za ta ɓullo wa mijinta, don hankalinsa duka yana kan bikin gobe.

Lahadin nan ita ce Epifani, wadda wasu ke kira Idin Sarakuna. Rana ce da Kirista ke tunawa da masanan nan da suka bi tauraro daga gabas, suka zo suka durƙusa gaban jariri Yesu da kyautar zinariya da lubban da mur.

Narcisse ya gayyaci shugabansa na ofis, Monsieur Théodore, da wasu abokan aiki uku, don a yanka galet irin ta Faransawa. Wani faffaɗan burodi ne mai zaƙi. Ana ɓoye ɗan farin tangaran a ciki, girmansa kamar ƙwayar wake, ana ce masa feb. Wanda ya same shi a yankansa, shi ne sarkin ranar, a ɗora masa kambin takarda.

Aurélie ce ta gasa ta, da niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki. Narcisse ya tsaya a kanta har ta sa feb ɗin, sannan ya ɗauki wuƙa ya yi 'yar tsaga a daidai wurin. So yake sarauta ta faɗa hannun patron, wato shugaban nasa. Bai san ƙullu yana tashi a wuta ba. Ko da aka fito da galet, tsaga ta zama bakwai.

Bayan an taso daga coci baƙi suka iso. Aka ci, aka sha, Narcisse ya gyara murya ya buɗe musu aji.

Ya ce a Spain yara kan ajiye takalmansu don sarakunan, wato masanan nan, su zuba musu kyauta. A Mexico ɗan mutum-mutumin jariri ake ɓoyewa a burodi, wanda ya same shi kuma shi zai ciyar da jama'a a farkon Fabrairu. A Girka limamin coci kan jefa gicciye cikin ruwa, samari su yi nutso su ɗauko. A Poland da alli ake rubutu a saman ƙofa don neman albarka.

"Ma'anar duka ɗaya ce," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Baƙi ne suka taso daga nesa don su ga jariri, kuma ba a rufe musu ƙofa ba."

Aka tafa masa. A bayan gida kuwa, ga wanda ya taso daga nesa don ganin jariri yana zaune kan benci, yana ɗaure jakarsa da igiya.

Narcisse ya yanka galet gida bakwai, alhali su shida ne. Ya bayyana cewa tsohuwar al'ada ce a ware yanka ɗaya, kason talaka ko baƙon da ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ya zaɓi wanda yake zaton shi ne mai alama ya miƙa wa Monsieur Théodore.

Aurélie ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauki na bakwai a faranti ta kai wa surukinta.

"Baba, ɗanɗana. Ni na gasa."

Ta koma falo. Tsohon ya gutsira, ya ji daɗi, ya sake gutsira. Sai ƙas! Wani abu mai tauri ya daki haƙorinsa, har dasashi ya yi jini. Ya fito da shi ya duba da idanunsa da suka fara dushewa. Fari ne, mai tauri. Tsakuwa.

A dutse, in ka tsinci tsakuwa a tuwon surukarka, ba ka faɗa. Mace ta wuni tana aiki, ba za ka tozarta ta kan abin da ya kuɓuce mata ba. Baba Moïse ya goge abin da bakin rigarsa, ya jefa a aljihu, ya kurkure baki, ya cinye sauran tas don kada ta yi zargin komai.

A falo kuma kowa na tauna a hankali, ana kallon juna. Monsieur Théodore ya gama nasa, babu komai. Sauran ma haka. Kambin takarda na kan tebur, babu mai shi.

"To, bana ba mu da sarki ke nan," in ji wani, aka yi dariya.

Dariyar nan ce ta taɓa tsohon mikin Narcisse. Ya ja matarsa zuwa ƙofar kicin, ya juya harshe zuwa Hausa don kada baƙi su gane.

"Me kika yi da abin da ke cikin galet ɗin nan? Kin kunyata ni gaban mutane!"

"Baban Gaëlle, a gabanka fa na..."

"Yi min shiru! Abu ɗaya na sa ki, ɗaya tak!"

Baba Moïse ya ji komai daga bencinsa. A tunaninsa, wani baƙo ya ci karo da wata tsakuwar, ana kuma yi wa yarinyar faɗa. Ya tashi da takalminsa na taya, ya shigo har tsakiyar falon da bai taɓa zama a ciki ba.

"Kada ka yi mata faɗa," ya ce. "Tun asuba tana tsaye. Tsakuwa tana kuɓuce wa kowa, ko uwarka ta sha yi. Ni ma na samu ɗaya, ga ta, kuma ban mutu ba."

Ya buɗe tafin hannunsa. Ga feb.

Sai Monsieur Théodore ya miƙe tsaye. Ashe ya yi shekaru yana aiki a Kousséri, Hausa ta zauna a bakinsa, kuma duk abin da aka faɗa a ƙofar kicin ya shiga kunnensa.

"Baba, wannan ba tsakuwa ba ce. Da gangan ake sa ta. Wanda ya same ta shi ne sarki yau." Ya ɗauko kambin da hannu biyu. "Amma ba a gabatar mana da kai ba. Kai wane ne a gidan nan?"

Tsohon ya kalli ɗansa. Narcisse yana kallon tayil.

Baba Moïse ya yi ɗan murmushi ya ce, "Maƙwabcinsu ne ni a ƙauye. Wucewa nake yi, yanzu zan kama hanyar tasha."

Jama'a, nan ne abin ya karya Narcisse. Mutumin da ya ɓoye tsakuwa don ya rufa wa surukarsa asiri, ga shi yana ɓoye kansa don ya rufa wa ɗansa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ba kuma kunyar baƙi ba ce a wannan karon.

Ya zube a gwiwa gaban abokan aikinsa, ya riƙe ƙafar tsohon.

"Patron, ba maƙwabci ba ne. Babana ne. Shi ya haife ni."

Aurélie ta rufe fuska da zane tana kuka. Monsieur Théodore ya ɗora kambin a kan hular tsohon, ya ja masa babbar kujera, ya ce a al'adar ranar, sarki yana da ikon ba da umarni, kowa ya bi.

Baba Moïse ya zauna a bakin kujerar. Sannan ya sunkuyo wajen ɗansa, ya kara hannu a kunne.

"Abin da ka faɗa yanzu, sake faɗa. Kunnena ya yi nauyi, ban ji sosai ba."

Wannan fa mutumin da ya jiyo faɗan kicin daga bayan gida ne. Narcisse ya share hawaye, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Babana ne!"

"Yawwa," in ji tsohon. "Yanzu na ji."

Ba wanda ya je tasha ranar.

Darasi: Sanin yadda ake biki a Spain da Girka ba ya amfanar wanda ya bar ma'anar bikin a ɗakin baya. Iyayenmu sun daɗe suna haɗiye ciwo don su rufa mana asiri, kada mu bari sai sun musanta kansu kafin mu nuna su da alfahari. In naka suna raye, kira su yau. Ka kuma tura wannan labari ga wani, wataƙila akwai tsohon da ke zaune shiru a bayan gidansa.