Tubalin da Alhaji Nababa Ya Zaɓa

An ce wai a wani babban birni an yi wani attajiri, Alhaji Nababa, wanda ya gina rukunin kantuna masu hawa, ya shimfiɗa musu filin ajiye motoci. A bakin kowane gurbi ya sa aka kwantar da dogon tubalin kankare, irin wanda ke tare tayar mota kada ta wuce iyaka. Bayan tubalan kuwa, a gindin katanga, mata masu abincin sayarwa ke zama. A cikinsu akwai Ladidi mai waina, wadda tandarta ke riƙe da marayu.

Akwai kuma wani direba, Haladu, dattijo, mai kawo wa kantunan kaya. Gemunsa ya yi fari a bakin sitiyari, bai taɓa take ko kaza ba. Wata rana da hantsi ya shigo a hankali yadda ya saba, ya saki motar ta gangara, yana jiran ya ji taya ta daki tubali. Ta daka kuwa, sai dai tubalin bai tsaya ba. Ya sulale gaba kamar an shafa masa mai, kafin birki ya kama ya riga ya matse ƙafar Ladidi da katanga. A asibiti likitoci suka ce babu yadda za a yi sai an yanke.

Kafin hukuma ta iso, an mayar da tubalin mazauninsa, an wanke jinin. Alhaji Nababa ya ce direba ne ya shigo a guje, mota ta tsallake tubali. Masu kantuna haya suke a wurinsa, matan gindin katanga kuwa alfarma suke ci, saboda haka kowa ya ce shi dai ƙara ya ji, bai ga komai ba. Aka tsare Haladu. Ba zaman kurkukun ne ya fi ci masa rai ba, sai yadda mutanen da ya yi shekaru yana gaisawa da su suke kau da kai idan sun haɗa ido.

Shari'a ta zo gaban Alƙali Malam Sidi, mutum mai ƙarancin magana. Haladu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na riƙe motar, ban musa ba, kuma ihun baiwar Allahn nan ba zai bar kunnena ba har kabari. Amma tafiyar da na yi, mai sanda ma zai riga ni. Tubalin ne ya gudu."

Alhaji Nababa ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Allah gafarta Malam, tubali ba shi da ƙafa. Ni na tsaya a kan aikin nan da kaina. Kowane ɗaya an kafe shi da rodi har cikin ƙasa, babu wanda ya fi wani ƙarfi."

"Babu wanda ya fi wani?" in ji alƙali.

"Ko ɗaya."

Alƙali ya duba, ga mai magana ba shaida, ga mai shaidu ba wanda ya gani. Can sai ya ce kotu ta tashi, a koma filin.

Da aka taru, ya sa aka kawo motar Haladu da kujera guda, ya ce, "Alhaji, maganarka mai sauƙin tabbatarwa ce. Haladu zai taho da motar nan, tafiyar mai sanda kamar yadda ya faɗa, ya bar tubali ya tsayar da shi. Kai kuma ka zauna bayan tubalin, yadda Ladidi ta zauna. Ba zan matsa maka ba, ka zaɓi duk wanda ka ga dama. Idan tubalin ya tsaya, na ɗaure direba."

Haladu ya matso gaban alƙali. Ya ce, "Malam, a ɗaure ni kawai. Ba zan iya sake jin wannan ƙarar ba." Alƙali ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Alhaji Nababa ya yi murmushi, ya ɗauki kujera. Tubali na farko yana gabansa, taku biyu, ya wuce shi. Ya wuce na biyu. Ya wuce wanda ya nakasa Ladidi ba tare da ya dube shi ba. Ya ratsa filin nan kaf cikin rana, gumi na jiƙa masa wuyan riga, sai da ya kai can ƙurya, ƙofar ofishinsa, inda yake ajiye tasa motar kusa da dakalin da yake shan iska. Nan ya dasa kujera ya zauna, ya ce, "Bismillah, ya taho."

Alƙali ya ce, "Kada a tayar da mota. An gama shari'a."

Ya sa 'yan sanda biyu suka tura tubalin da Alhaji ya zaɓa, ko motsi bai yi ba, ga kawunan rodi a jikinsa. Suka bi sauran, kowanne suka sa wa ƙafa sai ya ja gefe. Alƙali ya ce, "Da duk ƙarfinsu ɗaya, da ka zauna a na kusa, ka huta da rana. Bakinka ya ce ba su da bambanci, ƙafafunka kuwa sun kai mu ga wanda ka sani."

Nan maigadin wurin ya sami bakin magana. Ya ce magini ya so ya kafe su duka, Alhaji ya hana, don yana so a riƙa kwashe su idan an ba da filin hayar biki. Da maginin ya yi gardama aka sallame shi.

Alƙali ya wanke Haladu, ya ɗora wa Alhaji diyyar ƙafa da ɗawainiyar gidan Ladidi, ya ce kada wata mota ta sake shiga filin sai an kafe kowane tubali. Cikin yini guda aka gama aikin. Haladu yana tsaye yana kallo, ya ce a ransa, ashe abin da ya ci ƙafar mutum bai fi aikin yini ɗaya ba.

Ya tafi duba Ladidi, ya durƙusa ya nemi gafara. Ta ce, "Baba, tashi, ba kai ba ne. Amma waina a tsugune ake yin ta, ka gaya mini yadda zan tsuguna." Haladu shi ma bai ƙara tuƙi ba. Alhaji Nababa kuwa ya kori matan gindin katanga duka, ya shafa wa tubalan fenti, har baƙi suna yaba masa, suna cewa ba su ga attajiri mai kula da rayukan jama'a kamarsa ba.

Saboda haka, in mutum ya rantse maka cewa wuri ba shi da haɗari, kada ka tsaya auna rantsuwarsa. Ka duba inda yake ajiye kujerarsa.