Takwarar 'Yar Sabi'u

Ku kife wayoyin nan ku saurara, don ba mai tashi sai kun yanke mini hukunci.

Wasu 'yan mata uku masu rubuta manhajar kwamfuta suka haɗa wata mai nemo masu ba da jini. Asibiti ya faɗi irin jinin da yake so, ita kuma ta aika wa masu irinsa saƙo. Aiki ɗaya suke yi, amma kowa da halinta.

Barira, duk abin da aka gina sai ta rubuta bayaninsa: ga aikinsa, in ya lalace ga inda za a duba. Aka yi ta yi mata tsiya wai aljanu take rubuta wa, har ta yi zuciya ta daina.

Hansatu ba ta taɓa komai sai ta karanta bayanin, amma rubutu, ko alif. Ta sha ganin inda bayanin ya tsufa, kullum sai ta ce gobe za ta gyara.

Lantana kuwa ba karatu ba rubutu, sai saurin hannu. Cewa take yi, "Aiki mai kyau ai shi ke bayanin kansa."

Ran nan da hantsi matar wani tela, Malam Sabi'u, ta haifi 'ya mace, jini ya ɓalle mata, kuma irin nata wuyar samu gare shi. A daidai lokacin manhaja ta tsaya cik. Asibiti sai bugo waya yake yi. Barira tana ƙauye biki, layi ba ya shiga.

Lantana ta duba nan, ta tona can, gumi na zuba, ba ta ga matsalar ba. Hansatu ta tuna wani shafi da Barira ta rubuta tun bara, ta buɗe, sai ga ciwon ƙarara, har da matakan gyara. Suka bi, suka bi, sai a tsakiya hanya ta ɓace, don Lantana ta taɓa sauya wurin ba ta gaya wa kowa ba. Hankalinsu ya tashi matuƙa. Lantana ta runtse ido ta tuno abin da ta yi, ta ƙarasa gyaran da ka. Saƙo ya fita, wani mai Keke Napep ya sheƙo asibiti ya ba da jini, maijego ta rayu.

Ana gobe suna Sabi'u, da ya ji yadda aka yi, ya zo ofishinsu, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Wadda ta ceci matata, sunanta zan raɗa wa 'yata. Wace ce?"

Duk suka sunkuyar da kai. Da Barira ba ta rubuta ba, da ba a san inda za a dosa ba, amma ita ta bar bayanin ya tsufa. Da Hansatu ba ta karanta ba, da rubutun banza ne, amma ta ga giɓi ta yi shiru. Lantana ta cike giɓin, amma ai ita ce ta haƙa shi.

Ga rago a ɗaure, ga liman na jira. To, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?