Kunun da Barmo Ya Ƙi Sha

Dalilin da ya sa Tanimu mai haƙa rijiya yake tono ƙasusuwan maciji na dutse, kowace gaɓa kamar dunƙulen hannu, a garin da ko kifi sai busasshe muke gani, ku matso ku ji.

A da can, duk filin nan ruwa ne, ga ɗumi rani da damina. Macizai suka samu yadda suke so, suka yi ta girma. Babbansu shi ne Barmo, wanda ya auri 'yar Rana.

Da Rana ta hango sanyi na tafe duniya, sai ta dama kunu mai sa ɗumi a cikin jiki, ta kira dabbobi. Akuya ta sha har da lashe ludayi. Kaza ta sha ta nemi ƙari. Barmo ya iso, ya naɗe a bakin ƙofa, tunda ba shi da gwiwar durƙuso.

Rana ta ce, "Barmo, ga kunu. Wanda bai sha ba zai ji jiki."

Ƙamshi ya bugi hancinsa. To amma wa ya taɓa kurɓar kunu a gaban surukarsa?

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, a ƙoshe nake."

Shi jira yake a ce masa, haba, daure ka taɓa. Rana kuwa sauri take, ga duniya na jiran haske. Ta ce, "To, madalla," ta juye wa jaki sauran.

Sanyi ya sauka, ruwa ya janye. Barmo ya fito shan hantsi, amma saboda tsawonsa, kafin ɗumi ya kai wutsiya, kansa ya sandare. Tausayinsa nake ji, don da ya koma ya roƙa da an dama masa. Kunya ta hana. Ya shige laka yana jiran aike, har lakar ta bushe, shi da 'yan'uwansa ƙatti suka zama dutse. Ƙananan jikokinsa ne suka tsira, su ɗan ɗumi ya ishe su.

Shi ya sa har yau, girman ƙashin da Tanimu ya tono yake nuna mana irin ɗumin wancan zamani, maciji kuma kullum da safe yana kwance gaban Rana, ko za a sake yi masa tayi. Ke kuma Ladidi, da kika ce kin ƙoshi alhali cikinki na kuka, karɓi ludayin nan, ba zan sake miƙowa ba.