Awon Hanyar Makara

An ce wai a birnin Rafin Kanya an taɓa yin wani shugaban ƙaramar hukuma, Malam Haladu, mutum mai sanyin magana, wanda in an kawo masa ƙara yakan daɗe yana sauraro har mai ƙarar ya fara zaton barci ya ɗauke shi. A zamaninsa ne aka tashi sake gina titin Ƙofar Yamma, wanda ya taso daga babbar kasuwa, ya ratsa unguwanni, ya ƙare a maƙabarta. Titi ne mai cunkoso, amma yawancin masu bin sa ba su da mota: teloli da 'yan koli a kan kekuna, mata masu zuwa awo, 'yan garuwa da kurarsu, tsofaffi masu dogara sanda. Duk a raɓe suke tafiya tsakanin tayar mota da bakin kwata, kuma da wuya wata ya ƙare ba a kwashi wani zuwa asibiti ba.

Injiniyoyi suka zana taswira, suka ware gefe guda domin masu tafiya a ƙasa da masu keke, kansiloli suka amince. Sai dai gefen nan ya bi ta gaban shagunan Alhaji Jibo mai kayan gini, filinsa na gado, inda tirelolinsa suke tsayawa su sauke siminti da rodi. Shi kuwa Alhaji Jibo kawun Haladu ne, wan mahaifiyarsa. Shi ya riƙe shi yana maraya, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure.

Alhaji ya ce ko taku ɗaya ba zai saki ba. A ganinsa garin da ke son ci gaba mota yake buɗe wa hanya, kuma babu mai keken da ba mafarkin mota yake yi ba. Sauran masu shaguna, da dama suna jiran wanda za su fake da shi, suka jeru a bayansa. Ta ɗaya ɓangaren kuma Tanimu, shugaban masu gyaran keke, wanda talakawan titin suka sa a gaba, ya shiga faɗa a kowace majalisar shayi cewa yanzu za a gani ko kujerar ta jama'a ce ko ta gidan kawu. Ɗan kwangila ma yana ta aike cewa dole a zuba kwalta kafin damina, kuma kowa ya san yadda aka zuba ta haka jikoki za su tarar da ita.

Haladu ya shiga damuwa ƙwarai. Doka ta ba shi ikon karɓe filin, amma idonsa ba zai iya kallon mutumin da ya goya shi ya ce masa tashi ba. In kuwa ya soke gefen, duk wanda mota ta take daga ranar, ya san a wuyansa yake. Ya yi kwanaki abinci ba ya yi masa daɗi.

Daga nan ya sa aka sanar cewa za a yi zaman shawara, ba a ofis ba, a bakin titin, a ƙofar shagunan Alhaji Jibo, da hantsi. Wasu suka ce ya kai kansa gidan kawu ne ya miƙa wuya. Alhaji ma haka ya zata, har ya sa aka shimfiɗa dardumai aka kawo goro.

Aka zauna. Alhaji ya faɗi nasa, Tanimu ya faɗi nasa, injiniya ta warware taswira tana bayani babu mai dubawa. Haladu dai yana zaune ya sunkuyar da kai yana sauraro. Ana cikin haka sai ga jana'iza ta ɓullo daga wajen kasuwa, gawar wani tsohon masaƙi, mutane ɗauke da makara a kafaɗa suna sauri, jama'a na biye.

A garin nan ba a wucewa da gawa ta gaban mutum yana zaune, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Alhaji Jibo, duk taurin kansa, ba ya wasa da wannan. Shi ya fara miƙewa, ya tattare riga, ya karɓi kusurwa guda ta makara, sauran masu zaman suka bi baya.

Ba a yi nisa ba tirelolinsa da ke jere a gefe suka tura makarar tsakiyar kwalta. Motoci suka taru a baya suna danna oda, 'yan acaba suna kutsawa tsakanin masu rakiya, wata bas ta goge gefen rigar Alhaji har makarar ta karkata. Dole aka tsaya cik da gawa a kafaɗa ana jiran hanya, alhali gawa gaggawa ake yi da ita. Da aka isa maƙabarta Alhaji ya waiga, sai ya ga jama'ar ta zube. Tsofaffin, waɗanda su ne abokan mamacin na gaskiya, sun kasa ratsa motocin, sun tsaya can suna addu'a daga nesa. Abin ya taɓa shi.

Da aka dawo kan dardumai, Haladu ya ɗago kai ya ce, "Kawu, na ji maganarka, kuma ba zan karɓi filinka da ƙarfin hukuma ba. Ga hukuncina: titin nan duka na bar wa motoci, kamar yadda ka so. Abu ɗaya kawai za a cire, hanyar makara, don matattu ba su da wakili a majalisa, kuma ba su da wani titin sai wannan. Faɗinta ba injiniya za ta auna ba, ba ni ba, ba Tanimu ba. Kai za ka auna, Kawu. Ka auna ta daidai da jama'ar da kake fatan ta raka ka."

Tanimu ya buɗe baki zai yi gardama, wani dattijo ya dafa gwiwarsa.

Alhaji ya dubi ɗan ƙanwarsa. Sannan ya tashi ya tsaya a bakin kwata, ya fara takawa zuwa shagunansa. Ya taka faɗin makara da masu ɗaukarta, ya tsaya. Ya tuna masu karɓa daga dama da hagu, ya ƙara. Ya tuna abokan cinikinsa na kasuwa da surukai da jikoki da waɗanda ya yi wa alheri, kuma Alhaji ba mutum ne mai raina yawan jama'arsa ba, ya sake ƙarawa. Inda ya dasa sandarsa ya zarce layin da injiniya ta zana, ya ci har dakalin shagonsa.

Haladu ya ce, "A kafa turaku a nan, a ja layi haka har maƙabarta. Hanyar nan ta matattu ce, kada mota ta hau ta, kada kowa ya kasa kaya a kanta. Amma a lokutan da babu gawa mai wucewa, an yarje wa rayayyu su are ta, mai ƙafa da mai keke, da sharaɗin in sun hango makara su ba masu ita wuri."

Masu shagunan da suka fake da Alhaji suka dubi juna. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ce shi zai tare wa gawa hanya.

Da jama'a suka watse, Alhaji ya ce, "Haladu, da gangan ka kawo zaman nan ƙofata da hantsi."

Ya ce, "Kawu, ban san wanda zai rasu ba. Na dai san ba a fashin wucewa da wani ta nan."

Sai Alhaji ya aika aka gaya wa direbobi su riƙa sauke kaya ta bayan shaguna. An zuba kwalta kafin ruwan farko. Daga baya in ɗan acaba ya kuskura ya hau gefen nan, ba jami'in hukuma ke korarsa ba, Alhaji Jibo ne ke tasowa da sanda yana cewa a sauka masa daga kan hanyarsa, masu keke na wucewa suna gaishe shi.

Shi ya sa masu hankali na garin suka ce, wanda aka ba awon hanyar jama'a, ya auna ta da ranar da za a ɗauke shi a kafaɗa, domin a ranar nan babu mai mota, kuma ƙafafun da ya ƙuntata wa su ne za su kai shi.